Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen babban katin girafik don wasannin kwamfuta

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa daga bakin masu shirin haɗa kwamfutar wasa mai ƙarfi, ko masu son canza katin da ke cikin tsohuwar tasu. Duk farashin da na ambata da dala shi ne wanda kamfani ya sanar ranar fitar da kaya. Kafin kati ya iso shago a Kano ko Abuja, kuɗin jigila da na kwastan da ribar ɗan kasuwa duk sun hau kansa.

Mene ne aikin katin girafik, kuma me ya sa ya fi komai tsada a kwamfutar wasa?

Shi ke zana duk abin da idonka ke gani a allo. Furosesa tana lissafin dokokin wasan, wato inda harsashi ya nufa, abin da abokin gaba zai yi, ko ƙwallo ta shiga raga ko ba ta shiga ba. Katin sai ya karɓi wannan bayani ya mayar da shi hoto, sau 60 ko 120 ko fiye a sakan ɗaya. Yawan hotunan nan shi 'yan wasa ke kira FPS. A tsakiyar katin akwai guntun da ke aikin, GPU, kewaye da shi kuma ƙwaƙwalwarsa ta ƙashin kansa, VRAM. Sauran jikin katin, wanda ya sa ya yi nauyi kamar bulo, ƙarafunan ɗauke zafi ne da fankoki.

Tsadar tana da dalili. Kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera guntayen NVIDIA da na AMD, kuma masu gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna rububin wannan masana'anta da kuɗin da ɗan wasa ba zai iya gogayya da shi ba.

Waɗanne katuna ne ake lissafawa a cikin manya?

A zubin 2025, NVIDIA ta fito da RTX 5090 da RTX 5080 ranar 30 ga Janairu. Na farko yana da VRAM gigabayit 32, yana jan wuta har wat 575, farashinsa dala 1,999. Na biyu gigabayit 16, wat 360, dala 999. A watan Fabrairu RTX 5070 Ti ya biyo baya da gigabayit 16, wat 300, dala 749. AMD kuma ta kawo Radeon RX 9070 XT ranar 6 ga Maris, gigabayit 16, wat 304, dala 599.

Na zubin baya ma ba su tsufa ba. RTX 4090 na Oktoban 2022, mai gigabayit 24, har yanzu ya fi 5080 ƙarfi. RTX 4080 Super da RX 7900 XTX suna nan a sahun manya. Intel tana yin katunan Arc, amma a matsakaicin aji take wasa.

To daga ina zan fara zaɓe?

Daga allon da za ka jona, ba daga sunan kati ba. Wannan ita ce shawarar da na fi nanatawa, domin a nan mutane suka fi asarar kuɗi. Allo mai 1080p yana da ɗigon hoto kimanin miliyan 2. Mai 1440p yana da kusan miliyan 3.7. Mai 4K kuwa ya haura miliyan 8, ninkin 1080p sau huɗu ke nan, kuma kowane ɗigo sai katin ya lissafa shi. Sannan akwai saurin allon. Mai Hz 60 ba zai nuna maka fiye da hotuna 60 a sakan ba, ko da katin yana fitar da 300.

Saboda haka wanda ya sa RTX 5080 a gaban tsohon allo mai 1080p da Hz 60 ya sayi ingarma ne ya ɗaure shi a zaure. Idan allonka 1440p ne mai Hz 144 ko 165, RTX 5070 Ti ko RX 9070 XT sun isar maka har da saura. Idan 4K ne kuma kana son a ƙure kyan hoto, nan ne maganar 5080 zuwa sama ta taso. Idan ba ka da allo mai kyau tukuna, raba kuɗin: kati mai matsakaicin girma da allo nagari sun fi babban kati da allo maras kyau daɗin kallo nesa ba kusa ba.

Sai kuma irin wasan. EA Sports FC, eFootball, Valorant, Counter-Strike 2 da GTA V ba sa buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan katuna. Masu gajiyar da kati su ne irin Cyberpunk 2077, Alan Wake 2 da Black Myth: Wukong.

VRAM nawa ya kamata in nema?

A wannan ajin, kada ka sauka ƙasa da gigabayit 16. Ƙwaƙwalwar nan ita ke riƙe fatun abubuwan da ke cikin wasan, bango da tufafi da fuskoki. Idan ta cika, katin yakan koma aro daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ta fi nisa da jinkiri, sai wasan ya riƙa sarƙewa yana tsayawa cak na ɗan lokaci, ko fatun su fito a dushe. Gigabayit 8 ya fara gazawa a sababbin wasanni. Gigabayit 12, kamar na RTX 5070, yana yi a 1440p amma numfashinsa gajere ne a 4K. Ba a ƙara wa kati VRAM bayan an saya, abin da ya zo da shi da shi zai ƙare. Sai dai yawanta kaɗai ba ƙarfi ba ne: kati mai rauni da gigabayit 16 yana nan a mai rauninsa.

NVIDIA ko AMD?

A zanen wasa na yau da kullum, RX 9070 XT da RTX 5070 Ti kusan kai ɗaya suke, wannan ya ci a wani wasa, wancan ya ci a wani. NVIDIA tana gaba idan aka kunna bin sawun haske mai nauyi, kuma DLSS ɗinta ya shiga wasanni da yawa fiye da FSR 4 na AMD, duk biyun na yi bayaninsu a ƙasa. Idan bayan wasa kana haɗa bidiyo, ko zane da Blender, ko gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kwamfutarka, NVIDIA ce hanya mai sauƙi, domin yawancin waɗannan manhajoji an gina su ne a kan fasaharta ta CUDA.

Idan wasa ne zalla, farashin da ka tarar a ranar shi zai raba gardama. In 9070 XT ya fi araha da tazara mai kauri, ɗauke shi ba tare da wani ɗar ba. In tazarar kaɗan ce, ni 5070 Ti zan ɗauka. A saman 5080 kuwa babu zaɓi, domin AMD ba ta fito da abokin karawar 5090 ba a wannan zubi.

Mene ne bin sawun haske, kuma dole ne?

Tsohuwar hanyar zana wasa dabara ce ta kwaikwayon haske da inuwa. Sabuwar, wadda NVIDIA ta shigo da ita katunan wasa da jerin RTX 20 a 2018, tana bin sawun zaren haske daga fitila zuwa bango zuwa ruwan da ke kwance a titi zuwa ido. Sakamakon yana da kyau ƙwarai a wasannin da aka yi aikin da kyau, amma yana iya cinye rabin FPS ɗinka. Da can zaɓi ne. Yanzu akwai wasannin da ba sa tashi sam sai da katin da ke iya shi, kamar Indiana Jones and the Great Circle na Disambar 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025. Duk katunan da na lissafa a sama suna iyawa, bambancin yana ga sauri.

An ce RTX 5070 ya kai 4090 ƙarfi. Gaskiya ne?

Shugaban NVIDIA, Jensen Huang, ya faɗi haka a bikin baje kolin CES a Janairun 2025, amma maganar tana da sharaɗi, kuma sai an fahimci abubuwa biyu kafin a gane shi.

Na farko shi ne ɗaga hoto. Katin yakan zana wasan a ƙaramin girma, sannan ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya cike shi zuwa girman allonka. Wannan shi ne asalin aikin DLSS da FSR, kuma riba ce ta gaske, domin hoton yakan yi kyau kuma wasan ya ƙara sauri. Na biyu shi ne ƙirƙirar hotunan tsakani: katin ya dubi hotuna biyu na ainihi ya ƙago wani ya cusa a tsakaninsu. Jerin RTX 40 yana cusa ɗaya, DLSS 4 a jerin RTX 50 ya zo da cusa har uku. Da wannan ne lambar FPS ta 5070 ke iya kamo ta 4090.

Matsalar ita ce hoton da aka ƙago bai san ka danna maɓalli ba. Idan wasan yana tafiya a 30 aka mayar da shi 120, ido zai ga santsi, hannu kuma zai ci gaba da jin nauyin 30. Abin yana da amfani idan tun asali kana samun kamar 60, ga allo mai sauri. A wasannin harbi na gasa, kashe shi. Duk lokacin da kake kwatanta katuna biyu, nemi gwajin da aka yi ba tare da ƙirƙirar hotuna ba. A irin wannan gwaji 4090 ya yi wa 5070 fintinkau.

RTX 5090 ya cancanci kuɗinsa?

Ga mutane kaɗan. Ya fi 4090 sauri da kamar kashi 30 cikin 100 a 4K, kuma babu kamarsa. Amma farashinsa ninki biyu ne na 5080, ƙarfinsa kuwa bai ninka ba. A 1440p ma yawancin lokaci furosesa ce ke riƙe shi. Wanda ke da allon 4K mai Hz 240, ko wanda gigabayit 32 ɗin nan zai kawo masa kuɗin shiga ta hanyar aiki, shi ne mai shi. Kafin ka yanke hukunci, karanta amsoshin wuta da zafi da ke tafe, domin wat 575 ba a shago kaɗai ake biyan kuɗinsa ba.

Furosesata da madabod ɗina, wato babban faifan da ake jona dukan kayan kwamfuta a kansa, za su ɗauki sabon kati?

Ramin da ake soka kati, PCIe, yana karɓar sabo da tsoho. Sababbin katunan PCIe 5.0 ne, amma a madabod mai 4.0 asarar 'yar kaɗan ce, ba za ka ji ta a wasa ba. Abin dubawa shi ne furosesa. Idan ta tsufa, katin zai riƙa gama aikinsa yana zaman jiran ta. Alamar haka ita ce ka ga aikin GPU yana yawo a kashi 60 ko 70 cikin 100 alhali FPS ya ƙi tashi. Abin ya fi tsanani a 1080p, yana raguwa a 4K. Furosesocin AMD Ryzen 7 7800X3D da 9800X3D sun yi suna a wasa saboda ƙarin ma'ajiyar bayanai mai sauri da aka ɗora musu. RAM kuma, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gigabayit 32 ne daidai da irin wannan kwamfuta. Ka shiga BIOS, wato saitin madabod, ka tabbatar Resizable BAR, wanda ke ba furosesa damar isa ga dukan VRAM kai tsaye, a kunne yake.

Wace na'urar raba wuta nake buƙata, kuma mene ne labarin igiyar da ke narkewa?

NVIDIA ta ba da shawarar PSU, wato na'urar raba wuta, mai wat 1000 ga 5090, 850 ga 5080, 750 ga 5070 Ti. Kada ka tsuke hannu a nan. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, PSU maras inganci kuwa idan ya tashi mutuwa yana iya tafiya da katin. Nemi wanda aka rubuta ATX 3.1 a jikinsa, daga kamfanin da aka sani.

Labarin narkewa gaskiya ne. Daga 2022 aka fara samun rahoton bakin igiyar 12VHPWR mai fil 16 yana ƙonewa a jikin 4090. Ƙaramin baki ne da aka tsara ya ɗauki har wat 600, to idan bai shige duka ba, wutar takan taru a 'yan filoli kaɗan su yi zafi. An gyara tsarin zuwa 12V-2x6, duk da haka an sake samun rahotanni a kan 5090 a 2025. Abin yi shi ne ka tura igiyar har ka ji ta yi ƙas, ka duba babu giɓi ko kaɗan, kada ka lanƙwasa ta dab da bakin, kuma ka yi amfani da wadda ta zo da PSU ɗinka ko da katin. Ba a sa igiyar wani PSU a wani, ko da bakinsu ya yi kama. Yawancin katunan 9070 XT suna amfani da tsohon baki mai fil 8 ne.

Da irin wutarmu ta Nepa da janareta, katin zai tsira?

Wannan tambaya ba za ka ji ta a bakin masu gwajin Amurka da Jamus ba, amma a wurinmu ita ce gaba. Ɗauke wuta farat ɗaya ya fi cutar da fayiloli da Windows. Abin da ke kashe kayan ƙarfe shi ne dawowarta da ƙarfi, da hawa da saukar ƙaramin janareta. Sanya UPS ko inbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta, wadda masu sayarwa ke kira fiyo sayin, domin PSU na zamani yakan ƙi jituwa da nau'in da wutarsa ba tsabtatacciya ba ce. Ka lura lambar VA da ake rubutawa a jikin UPS ba wat ba ce: UPS mai VA 1500 sau da yawa wat 900 zuwa 1000 yake ɗauka.

Ga lissafi. Kwamfuta mai 5090 da allonta tana iya jan wat 800 a tsakiyar wasa. Awa 4 a rana na wata guda kusan yunit 96 ke nan. A farashin rukunin Band A na Yulin 2024, kimanin naira 209 kowane yunit, kuɗin ya kai naira 20,000, ban da na sanyaya ɗaki. Batir mai bolt 12 da Ah 200, irin na ruwa da ba a so a sha fiye da rabinsa, bai wuce ya ba ka awa ɗaya da rabi ba. Kwamfuta mai 5070 Ti kuwa tana tsayawa wajen wat 500. Ga mai dogaro da sola, wannan bambanci kaɗai ya isa ya zaɓa masa kati.

Akwai dabara kyauta: da manhajar MSI Afterburner, ko ta AMD Adrenalin, kana iya rage iyakar wutar katin zuwa kashi 75 ko 80 cikin 100. Saurin da za ka rasa kaɗan ne, wutar da zafin da za su ragu kuwa masu yawa.

Zafin bazara da ƙurar hunturu fa?

Masu gwaji suna auna kati ne a ɗaki mai digiri 21 ko 22. Katin da ya nuna 70 a can, a ɗaki mai digiri 38 a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zai doshi 80 da wani abu, fankokinsa na ihu. Ba zai ƙone ba, domin yana rage gudu da kansa idan ya kusanci 90, amma saurin da ka biya kuɗinsa ne ke tafiya. Kuma duk wat ɗin da ya ja, zafi yake zama a ɗakin. Nemi akwatin kwamfuta mai gaba mai raga, fankoki biyu ko uku na shigar da iska, ɗaya ko biyu na fitarwa, sannan ka yi amfani da dabarar rage wuta da na ambata a sama.

Da hunturu, ɗaga akwatin daga ƙasa, ka riƙa wanke ragar tace ƙura duk mako, katin kuma a hure shi da bulowa bayan an cire wuta. Riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

ASUS, MSI, Gigabyte, Zotac, Sapphire: wanne ya fi?

Guntun ɗaya ne. RTX 5080 na kowane kamfani 5080 ne, kuma wanda aka rubuta wa OC, wato an ɗan ƙara masa gudu, bai fi sauran da abin a zo a gani ba. Bambancin yana ga girman abin sanyayawa, ƙarar fanka da garanti. A ƙasa mai zafi, mai kaurin ƙarfe da fankoki uku yana da amfani, amma kada ƙarin kuɗin ya kai na katin da ke sama da shi. Auna akwatinka da tef kafin ka biya: wasu katunan sun haura santimita 35 a tsayi, sun wuce kilo 2, suna cin rami uku zuwa huɗu. Irin waɗannan sai da ɗan sandan tokare, in ba haka ba nauyinsu yana lanƙwasa su a hankali. Garanti kuma ka tambayi mai shago ƙarara wa zai karɓa idan ya lalace, domin na kamfani yakan buƙaci a mayar da kaya ƙasar da aka fara sayen su.

Zan iya sayen na hannu?

Za ka iya, amma ban da cinikin biri a sama. Katunan jerin RTX 30 da yawa sun yi aikin haƙar kuɗin intanet na Ethereum dare da rana kafin a daina haƙarsa da kati a Satumbar 2022, don haka fankokinsu da abin sanyaya ƙwaƙwalwarsu sun sha wuya. A ɓangaren 4090 kuma akwai wata damfara da aka sha kamawa: a cire guntun GPU da VRAM a sayar wa masu ƙirƙirarriyar basira, a mayar da murfi, a sayar da gangar jikin a matsayin kati. Daga waje ba ka ganewa.

Ko a Computer Village ta Ikeja kake, ko Banex a Abuja, ko hannu da hannu da wanda kuka haɗu a intanet, a jona katin a gabanka. Buɗe manhajar GPU-Z ka ga sunan katin da yawan VRAM, a kunna wasa mai nauyi ko manhajar gwaji ta FurMark na minti 20 zuwa 30, ka sa ido kan zafi, da ɗige-ɗige ko layuka masu launi a allo. Haska tocila a bakin igiyar wuta ka duba alamar ƙuna. Mai kayan da ya ƙi a gwada, bar masa kayansa.

RTX 5090 na laftof daidai yake da na tebur?

A'a, sunan ne kawai ɗaya. Na laftof yana amfani da guntun da ke cikin 5080 na tebur, da VRAM gigabayit 24, kuma wutarsa ba ta wuce wat 175. Haka 4090 na laftof yake da guntun 4080. Laftof tana da nata amfanin a wurinmu, ga ƙarancin cin wuta ga batir idan an ɗauke, amma ba a canza mata kati.

Na kawo sabon kati gida. Me zan fara dubawa?

Idan daga AMD ka koma NVIDIA ko akasin haka, goge tsohuwar manhajar direba, wato mai tafiyar da katin, da manhajar DDU kafin ka sa sabuwa. Jona wayar allo a jikin katin, ba a jikin madabod ba, sannan ka shiga saitin Windows ka ɗaga saurin allon, domin sau da yawa yana tsayawa a Hz 60 sai an canza da hannu. Idan jerin RTX 50 ne, buɗe GPU-Z ka duba layin ROPs, wato sassan GPU masu kammala ɗigon hoto. A farkon 2025 NVIDIA ta amsa cewa wasu 'yan katuna sun fita da ƙarancinsu. Ya kamata 5090 ya nuna 176, 5080 ya nuna 112, 5070 Ti kuma 96. In ka ga ƙasa da haka, mayar da shi tun rasit yana hannunka.